Abin da Aka Rubuta a Bayan Kati

Ku da kuke zuwa ɗakina ranar Juma'a ku ci tuwo, kuna nuna wa juna zane mai motsi da kuka haɗa a waya, na ji abin da ɗayanku ya faɗa makon jiya. Ya ce aikin katun wasan yara ne, a sa zomo ya zame ya faɗi, yara su yi dariya, shi ke nan. Ni ba mai gardama da ɗalibai ba ce. Amma shekara goma sha ɗaya na yi cikin wannan sana'a, kuma ba tsufa ne ya fitar da ni ba. Ban yi boko ba, ko sunana ban iya rubutawa ba. Faɗa nake yi ana sa wa a takarda. To ku gyara zama. Bakina ya saba da tatsuniya, sai dai wannan ba ita ba ce.

Sunana Asabe. A Sudan aka haife ni, cikin Hausawan da kakanninsu suka fito aikin hajji a ƙafa, suka tsaya a hanya. Miji ya kawo ni Alƙahira, ya rasu, ya bar ni a unguwar Hayyin Ashir da 'ya'ya uku. Sai na shiga aikatau.

Aikina na farko a unguwar Ma'adi shara ne da dafa shayi, a wani gidan haɗa katun mai bishiyar mangwaro a ƙofa. Mai wurin Bature ne dogo, jajir, don haka a gida muke ce masa Jatau. A gabansa kuwa Ustaz nake ce masa, yadda Misirawan da ke masa zane suke kiransa. Mutumin Sikotlan ne, kuma in kana son ka ga ya ɓata rai, ce masa ɗan Ingila. Ya ce garinsu bakin teku ne, ruwan sama ba ya ɗaukewa. Da rubuta wa jaridar yara abin dariya ya fara. Daga nan gidan talabijin na ƙasarsu ya ɗauke shi, ya yi shekara da shekaru yana sa wa dabbobin zane magana a baki. Ya ce sunansa yakan wuce a ƙarshen shiri da gudu, har mahaifiyarsa ta rasu ba ta taɓa samun karanta shi ba. Aure ne ya kawo shi Masar. Bai iya zane ba, in ya zana kaza sai ka rantse tukunya ce. Nasa labari ne da magana, masu zane biyar kuma su ba labarin jiki.

Kayan aikinsa ba su da yawa. Akwai allo faffaɗa a bango. Akwai katuttuka farare kamar tafin hannu, da allurai masu kai na kafe su. Akwai agogo mai maɓalli da yake ratayawa a wuya, da na'urar ɗaukar murya. Kowane kati abu ɗaya ne ya faru: kura ta shigo, kura ta ga tulu, kura ta sa kai. In ya jera su a allo sai ya ja baya ya tsaya, ya cire wannan, ya mayar da wancan gaba, wani lokaci yini guda a kan kati uku. Kowane labari minti bakwai ne, ba ƙari. In an gama na gwaji sai a kawo yaran unguwa a zaunar da su. Shi ba ya kallon fuskokinsu, ƙafafunsu yake kallo. Ya ce fuska tana iya yi maka kara, ƙafa ba ta iyawa. Duk inda ƙafafu suka fara lilo, sai ya danna agogo, wannan katin ya mutu.

Ranar da na bar aikin shara, wata mai zane ta zo da 'yarta mai shekara huɗu. Aka sa mata na gwaji, ba ta kai rabi ba ta fara kuka tana neman gida. Na ajiye tsintsiya, na ɗora ta a cinya, na fara mata labarin wata tsohuwa da ta raini ɗan kada a randa. Da Larabcinmu na Sudan na ba ta. Ban san Jatau yana bayana ba sai da na gama na ji ƙas, ya danna agogo.

Ya ce, "Minti tara. Ƙafarta ba ta motsa ba."

Larabcinsa a karye yake, amma ana ganewa. Na ce, "Ma'alish, yi haƙuri, Ustaz, yanzu zan ƙarasa sharar."

Ya ce, "Bar sharar, Habboba. Irin wannan nawa kike da su?"

Habboba kaka ke nan a bakin mutanen Sudan, kuma tun ranar sunan ya bi ni. Na ce masa ban taɓa ƙirgawa ba, jaka ce kakata ta bar mini.

Koyo ya yi mini wuya, kada ku ji an ce baki ne kawai. A gidanmu ba a tatsuniya da rana, ga ni da hantsi ina yi wa ƙaton Bature da na'ura a gaba. In na ce, "Sai yunwa ta kama ta," sai ya ɗaga hannu ya ce, "Ba a zana yunwa. Me hannunta yake yi?" Sai in tsaya in tuna yadda mai jin yunwa take buɗe tukunyar da ta san babu komai a ciki. Haka ya koya mini in ga labari da ido kafin in faɗe shi. Ni ma na koya masa. Yakan yanke maimaici don ya cika minti bakwai, na ce masa yaro ba ya yarda da abu sai ya faru sau uku, na ɗaya ya gani, na biyu ya gane, na uku ya riga ka faɗa. Muka yi musu kwana biyu. Aka kawo yara aka gwada, ƙafafu suka ba ni gaskiya. Ya cire hularsa ya ɗora mini a kan ɗankwali, masu zane suna ta dariya.

Yana da ƙa'ida guda da ba ya tsallakewa. Kafin ya kafe katin farko na kowane labari, sai ya juya bayansa, ya riƙe alƙalami, ya ce, "Daga bakin wa?" Ya ce haka kakarsa take yi, ba ta fara labari sai ta faɗi wanda ya ba ta. In na ce kakata, ya rubuta. In na ce matar mai gadi, ya rubuta. In kuwa labarin mai rai ne, abin da ya faru da wani, to ba a taɓa shi sai an je an tambayi mai shi, ya ji da kunnensa ya yarda. Na ga ya yar da labari mai kyau saboda mai shi ya ce a'a.

Masu sayen aiki iri biyu ne. Akwai gidajen talabijin, su dariya suke so. Akwai ƙungiyoyin agaji, su kuma darasi suke so, a wanke hannu, a sha magani, kuma kada kura ta ci kowa. Na ce wa Jatau kurar da ba ta cin kowa ai akuya ce. Ya ce in yi haƙuri, shekara talatin yana cire wa kuraye haƙora.

Sai shekarar wahala ta zo. Gidan talabijin ya daina karɓa, masu zane biyar suka koma biyu. Aiki ɗaya ya rage, wata ƙungiya tana son labari goma sha uku don 'ya'yan baƙin da ke zaune a Masar, da Larabci da harsunan iyayensu, har da Hausa. Muka yi goma sha biyu. Na goma sha uku na nema na rasa. Na kwance jakar kakata na zazzage, duk an riga an yi su, waɗanda suka rage kuwa akwai ci da kisa a ciki. Mako guda ina zuwa ina zama gaban na'ura ba abin faɗa. Jatau ya ce cikin wasa, "Habboba, jakar ta ƙare ne?" Na dubi lungu, tsintsiyata tana nan inda na ajiye ta shekara goma da suka wuce.

Yanzu sai in gaya muku wace ce Yaya Kaltume. A hawa na biyar take, saman ɗakina. 'Yar garinmu ce, ta girme ni, ita ta yi mini wankan jego na autana. Sana'arta dafa wa ɗaliban Najeriya masu karatun addini tuwo da miyar kuka, su kuma suna ce mata Inna. Kullum cikin lafaya mai ɗigo-ɗigo take, baƙi da fari. Ɗa ɗaya gare ta, Bashir. Shekara shida kafin wannan lokaci ya bi masu tsallaka teku zuwa Turai, kuma tun da ya tafi ba waya, ba saƙo, ba gawa. In ka tambaye ta labarinsa sai ta yi gyaran murya sau biyu, ta ja lafaya ta rufe goshi, ta ce, "Yana hanya." Duk unguwa an san wannan.

Abin da ba a sani ba, ni kaɗai ta nuna wa. Wata rana muna tsince shinkafa a ɗakinta ta tashi ta tura ƙofa, ta miƙa hannu saman ƙofar ta ciro wani ɗan ƙulli na tsumma. Ta ce safiyar da Bashir ya fita, ta bi bayansa ta ɗebi ƙasar sawunsa ta ƙulle, yadda ta ga tsofaffin garinmu suna yi wa matafiyi, wai muddin sawunsa yana gida ƙafarsa za ta dawo. Ta ce, "Na san abin da malamai za su ce. Ni ba bauta masa nake yi ba, Asabe, shi ne dai abin da ya rage mini. Tsakanina da ke ne."

Na ce, "Tsakanina da ke, Yaya."

Ranar Lahadi na shiga metiro, jirgin ƙasan cikin gari, na sauka Ma'adi, na zauna gaban na'ura, na ce, "Akwai wata zabuwa."

Lafayarta ce ta sa na ce zabuwa. Na ba shi duka: ɗan da ya tashi ya nufi babban ruwa, uwar da ta ɗebi sawunsa ta ƙulle ta ɓoye a saman ƙofa, dabbobin da suke tambayarta ɗaya bayan ɗaya, sau uku, tana ba su amsa ɗaya: yana hanya. Jatau bai danna agogo ba. Alƙalaminsa yana gudu a kan kati har na gama. Sai ya ɗauki na farko ya juya bayansa.

"Daga bakin wa?"

Na ce, "Kakata."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Kakarki ta san teku?"

Na ce, "Ta san kogi."

Ya rubuta, ya kafe.

Da a nan na tsaya, da wataƙila abin ya wuce ba wanda ya gane. Amma sana'ar ta riga ta shiga jikina. Mai zane ta tambaye ni yadda zabuwar take yi in an tambaye ta ɗanta, na tashi tsaye na nuna mata, na ja mayafi na rufe goshi, ta zana fiffike yana yin haka. Ranar ɗaukar murya aka shigar da ni ƙaramin ɗakin da aka lulluɓe bangonsa da soso, don ni ce muryar zabuwa a Hausa da Larabcin Sudan. Na faɗi maganar sau biyu da muryata, Jatau ya ce babu rai. Na uku na yi gyaran murya sau biyu, na ja ƙarshen yadda take ja. Ya ɗaga babban yatsa ta bayan gilashi ya ce, "Tamam."

A kan ƙarshen labarin aka yi jayayya. Jatau ya so a bar zabuwa tana jira, ya ce yaran nan sun san jira, kada a raina musu hankali. Mutanen ƙungiya suka ce sam, dole ɗa ya dawo. Aka ƙara kati biyu: ɗa ya sauko daga sama, ya sa ƙafarsa daidai kan ƙasar da uwar ta kwance.

Aka zo nunawa a wani zaure a Hayyin Ashir bayan la'asar, yara a gaba kan tabarmi, iyaye mata a baya. Ban gayyaci Yaya Kaltume ba. Ita ta zo da kanta, ta ce ba za a nuna aikin ƙanwarta a unguwa tana ɗaki ba. Ta zauna kusa da ni cikin lafayarta. Na kalli ƙafafun yara, don ban iya kallon komai ba. Tun da nake wannan aiki ban taɓa ganin ƙafafu sun tsaya haka ba. Zabuwa ta faɗi maganarta sau ɗaya, shiru. Ta faɗa na biyu, wata yarinya ta waiwayo. Kafin na uku yaran duka sun juyo, suka riga zabuwa faɗa, baki ɗaya, suna nuna Yaya Kaltume da yatsa suna dariya. Ba mugunta ba ce, sun gane ne, kamar yadda na koya wa Jatau cewa za su gane. Yaya Kaltume ba ta tashi ba. Ta zauna har ɗan ya dawo, har sunaye suka wuce. Sannan ta miƙe, ta ce wa mata sai an jima, ta fita.

Cikin kwana uku duk inda ta bi yara suna binta da "Yana hanya." Manya kuma suka fara tambayar juna, in zabuwa ita ce, to ƙullin fa? Ɗalibai biyu cikin masu cin abincinta suka hau wurinta. Ina kan matakala na ji su, da ladabi suka yi magana.

"Inna, mun ji wata magana ce, mun ce gara mu zo mu ji daga bakinki. In akwai abin nan, don Allah ki rabu da shi. Muna ji miki tsoro ne."

Ba ta yi musu gardama ba. Na ji ta ja kujera, na ji ta buɗe famfo. Ta kwance ƙullin a gabansu ta zuba, ruwa ya tafi da shi. Duk da haka wasu suka janye kwanonsu, suka ce ba su san me ake sa musu a miya ba.

Mako uku na yi ina ɓoye wa Jatau gaskiya. Ina wucewa ta ƙofar gida da sauri, in na ji takunta a sama in koma ɗaki. A Ma'adi kuwa ana ta murna, an ce na goma sha uku ya fi duka. Ranar da Jatau ya kawo sabon ƙunshin kati ya ajiye a gabana ya ce, "Yalla, mu fara, Habboba," sai na ce, "Ustaz, ciro katin zabuwa. Abin da ke bayansa ƙarya ne."

Na faɗa masa duka a tsaye. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya je akwati ya ciro katin, ya ja layi a kan rubutunsa, ya ce in maimaita masa sunanta a hankali, ya rubuta a ƙasa. Sai ya ɗauki hularsa ya ce, "Kai ni."

Muka shiga metiro, muka canza zuwa ƙaramar bas, ya naɗe ƙafafunsa kamar tabarma. Ya hau bene biyar yana haki, ya tuɓe takalmi a ƙofa. Yaya Kaltume ta shimfiɗa masa darduma, ta ba shi shayi, ni ma ta ba ni. Ya ba ta haƙuri da karyayyen Larabcinsa, ya ce laifinsa ne, ya ji shakka a ransa amma labarin ya yi masa kyau sai ya ƙi bi. Ya ce zai sa a janye shi.

Ta ce, "Kai ka tambaya, Ustaz. An ce mini kullum kana tambaya. Sha shayinka."

Sai ta juyo gare ni da Hausa. Muryarta ba ta tashi ba.

"Asabe, lafayar ban damu ba. Muryar ma kin iya, har ni na ɗauka ni ce. Abu ɗaya nake so ki gaya mini. A ƙarshe na ga ya dawo. Wa ya ba ki wannan labarin?"

Na ce, "Masu aikin ne suka ce a sa, Yaya."

Ta ce, "To. Ku kun dawo da naku. Ni kuma na zubar da nawa a famfo."

Jatau ya tambaye ni me ta ce. Na fassara masa, kalma da kalma, don ranar ba ni da ikon rage ko ɗaya.

Ya cika alkawari, ya sa ƙungiyar ta janye shi, ya kuma ƙi yarda a kai shi ko'ina da sunansa. Amma ya riga ya shiga wayoyi, kuma abin da ya shiga waya ba ya fita. Wataƙila wasunku sun gan shi suna yara. Ni ban sake zama gaban na'ura ba. Ya aiko sau biyu, na ce a gaya masa jakar ta ƙare. Bayan shekara biyu ya rufe wurin ya koma garinsu na ruwan sama. Kafin ya tafi ya zo har ƙofata ya miƙo mini katin. Yana cikin akwatina. Ban iya karanta shi ba, amma na san layin da aka ja, na san na ƙasa sunan wa ne.

Don haka ku masu haɗa katun a waya, sa zomo ya faɗi ba wuya. Wuyar tana ranar da jakarku ta ƙare, ga aiki yana jira, ga kuma maƙwabcinku da abin da ya faɗa muku bayan ya tura ƙofa. Shi ne zai fi kowane labari kyau, wannan na tabbatar muku. Ni an riƙe alƙalami an tambaye ni. Ku ba mai tambayarku.

Yaya Kaltume ta koma unguwar Ard al-Liwa a ƙetaren kogi wurin 'yar ƙaninta, inda yara ba su san ta ba. Duk sallah nakan tsallaka kogi in je gaishe ta. Tana karɓata, tana ba ni shayi, muna taɓa hirar ciwon gwiwa da tsadar albasa. 'Yar ƙanin ta ce tun da ta zo ba ta taɓa jin ta ambaci hanya ba. Bara na yi ƙarfin hali, da zan tashi na ce, "Yaya, ko an ji wani labari na Bashir?"

Ba ta yi gyaran murya ba, ba ta taɓa lafaya ba. Ta ɗauke kofin da ke gabana, ta dube ni, ta ce, "Tambayar ta zumunci ce, Asabe, ko ta aiki?"